Corolla ko Elantra: wacce za ta riƙe darajarta ranar sayarwa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan ina juya maganar nan a raina, na kasa tsayar da shawara. Ƙaramar mota nake son saye, sabuwa dal, kuma zaɓina ya tsaya kan Toyota Corolla da Hyundai Elantra.

Dillalin da na je wurinsa ya ba ni Elantra da rangwame, ga babban allo, ga kyamarar baya, ciki kuma da faɗi. Corolla kuwa tun 1966 ake ƙera ta, kusan kowane makanike ya san cikinta, kayan gyaranta ba sa wuyar samu. Matsalar ita ce ba zan riƙe motar fiye da shekara 4 ko 5 ba. Motata ta baya da murna na saye ta, amma tayin da aka yi mini ranar sayarwa sai da ya hana ni barci. Ba na son haka ta sake faruwa.

Na san a shekarun farko sabuwar mota ta fi zubar da daraja. Abin da na kasa lissafawa shi ne: rarar da zan samu yau za ta cike giɓin da zan tarar gobe? Sannan nau'in da ke haɗa fetur da batir, ƙarancin shan mansa yana jawo masu sayen na hannu, ko tsoron canjin batir ne ke korarsu?

Don Allah wanda ya taɓa sayar da ɗayansu ya faɗa mini shekarunta, tafiyar da ta yi, da yadda cinikin ya kaya.