"Suga ya sauka" ko "suga ya faɗi"? Mu tsayar da kalma ɗaya

Jama'a, kwana uku ke nan da na tambaya a nan: mece ce Hausar hypoglycaemia, wato sugan jini ya yi ƙasa fiye da kima? Na gode da amsoshinku, na karanta su duka. Kafin in faɗi inda na tsaya, bari ku ji abin da ya sa na tayar da maganar.

Gwaggona ta haura shekara 60, tana shan ƙwayar ciwon suga mai suna glibenclamide kullum da safe. Ranar wani suna a unguwarmu ta haɗiyi ƙwayarta da ruwa, ta ce za ta karya a can. Aiki ya ɗauke mata hankali har azahar ta kawo jiki ba ta sa komai a baki ba. Sai aka ga tana zufa har zanenta ya jiƙe, hannunta na rawa, tana kiran jikarta da sunan wata da ta daɗe da rasuwa. Mata suka kewaye ta, wata na tofa mata addu'a, wata ta ce a kawo hayaƙi. Allah ya sa akwai malamar asibiti a cikin 'yan suna. Ta aika aka ɗauko na'urar gwaji, ta soki yatsa, sai ga 48. Ta dama suga a kofi ta riƙa ba ta da kaɗan-kaɗan.

Da Gwaggo ta dawo hayyacinta, malamar ta ce mata, "Hajiya, suganki ne ya sauka." Gwaggo ta ɗaga hannu ta ce, "Alhamdulillahi, ai abin da ake nema ke nan."

Wannan amsar ce ta hana ni barci. Gwaggo ba ta yi kuskure ba, Hausar da aka yi mata ita ta ji. Shekara da shekaru ana ce mata suga ya hau, a yi ƙoƙari ya sauka. Yau an ce ya sauka, me zai hana ta yi godiya? Kalma ɗaya muke amfani da ita ga samun sauƙi da kuma abin da zai iya kai mutum kushewa.

Ga abin da kalmar hypoglycaemia ke nufi a asibiti. Asalinta Girkanci ne, gaɓa uku: ƙasa, zaƙi, jini. Ana kiran haka idan sugan jini ya yi ƙasa da 70 a na'urar da ke auna mg/dL, wato 3.9 a mai auna mmol/L. 'Yan uwanmu na Nijar, a takardunku za ku ga 0,70 g/L, duk abu ɗaya ne. Idan ya kai ƙasa da 54, ƙwaƙwalwa ta fara rasa abincinta, shi ya sa magana ke rikicewa.

Kuma ba kowace ƙwaya ke jawo shi daidai ba. Metformin, wadda da yawa suka sani da Glucophage, tana rage sugan da hanta ke fitarwa, kuma da wuya ita kaɗai ta kai mutum ga wannan hali. Ita matsalarta tashin zuciya da gudawa, shi ya sa ake cewa a sha ta tare da abinci. Amma glibenclamide da gliclazide da glimepiride, su matsa wa jiki suke yi ya saki insulin, sinadarin da ke rage sugan jini, ko ka ci ko ba ka ci ba. Ƙwayar ba ta san kana gidan suna ba, ba ta san kana azumi ba. Glibenclamide kuwa tana daɗewa a jiki, musamman ga tsofaffi da masu ciwon ƙoda, har jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce ba ta dace da wanda ya wuce shekara 60 ba.

To, mu koma kan kalma.

Wasu sun ce mu ari ta asibiti kawai, tunda ma'aikata suna gajarta ta su ce "haifo". Wannan ba za ta zauna ba. Haifo tana da gidanta a Hausa tun kaka da kakanni. Ka ce wa dattijuwa ta yi haifo ka ga irin kallon da za ta yi maka.

"Ƙarancin sukari a jini" ita ce ta fi yawan masu goyon baya, kuma ita ake ji a rediyo. Ba ni da ja a kan daidaitonta, a littafi ma ita zan rubuta. Damuwata biyu ce. Ta yi tsawo ga bakin wanda ke rawar jiki yana neman taimako. Sannan kunnen Bahaushe ya saba da ƙarancin jini, ciwon da ake bi a hankali da zogale da hanta da maganin ƙarin jini, na makonni. Wanda ya ji "ƙaranci" zai ɗauka akwai lokaci, alhali nan maganar mintoci ake yi.

Wata 'yar uwa ta kawo "suman suga", kuma na daɗe ina juya ta don tana da nauyi, tana tsoratarwa. Sai dai suma ƙarshen hanya ce. Muna son kalmar da mutum zai kama tun yana kan ƙafafunsa, tun lokacin zufa mai sanyi, da yunwa mai tsanani farat ɗaya, da faɗuwar gaba, da gani dishi-dishi, da saurin fushi babu dalili. Idan muka ce suman suga, wanda bai suma ba zai ce ai nasa bai kai ba.

Inda na tsaya shi ne faɗuwar suga.

Ku duba yadda muke magana. Mai hawan giginya saukowa yake yi, da dabara, ƙafa bayan ƙafa. Idan aka ce ya faɗo, ba wanda zai tsaya tambayar ko labarin mai daɗi ne, kowa gudu zai yi wurin. Jirgi ya sauka, sai a je tarbar alhazai. Jirgi ya faɗi, sai salati. Harshen ya riga ya raba mana abin, mu ne ba mu yi amfani da rabon ba. Sai mu bar "ya sauka" ga sugan da ya dawo inda likita ke so, mu ce "ya faɗi" ga wanda ya zarce ƙasa da 70. Kuma tana juyuwa a baki ba wahala: sugana ya faɗi, kada suganki ya faɗi, ƙwayar nan tana faɗar da suga. Ga kishiyarta a shirye, hawan suga, kamar yadda muke cewa hawan jini.

Wani ɗan kasuwa ya ce min a wurinsu "suga ya faɗi" farashin buhu ake nufi. Gaskiya ne. Amma ba na jin wanda ya ga mahaifinsa na zufa yana cewa "sugana ya faɗi" zai yi tunanin buhu. Masu cewa sukari ko siga kuma, ku ce faɗuwar sukari, ba a nan gardamar take ba.

Kalmar kuma ta zo da aikinta. Idan suga ya faɗi kuma mutum yana iya haɗiya, a ba shi kimanin giram 15 na abu mai zaƙi da ke shiga jini da sauri: babban cokali ɗaya na suga ko zuma, ko rabin kwalbar lemo mai suga. A jira minti 15, a sake gwadawa, in bai haura 70 ba a maimaita. Da ya farfaɗo a ba shi abinci na gaske, tuwo ko burodi ko shinkafa. Wanda ya suma kuwa, don Allah kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a nufi asibiti. Mai shan irin su glibenclamide, ko ya miƙe garau, a kai shi a duba, domin ƙwayar na nan tana aiki kuma sugan na iya sake faɗuwa bayan sa'o'i.

Masu azumi, ku ga likita kafin watan ya tsaya, don sau da yawa yakan sauya lokacin shan ƙwayar ko yawanta. Shawarar likitocin ciwon suga ita ce a karya azumi idan gwaji ya nuna ƙasa da 70, ko da saura kaɗan a sha ruwa. Kuma wanda ya manta ƙwayar jiya kada ya haɗa biyu yau.

Gwaggo, likita ya sauya mata ƙwaya. Na ɗaure mata suga a leda na sa a jakarta, tare da takardar da na rubuta sunan maganinta da lambar wayata. Shekaranjiya na kira ta da hantsi na ce, "Gwaggo, kin karya kuwa?" Ta ce, "Na sha kunu da ƙosai kafin in haɗiyi ƙwayar, ba zan bari ya faɗi ba."

Malaman asibiti da masu shirin lafiya a rediyo da ke cikinmu, ku gwada ta a kan marasa lafiyarku mako guda, ku dawo ku faɗa mana yadda suka ji ta. Na Maraɗi da Damagaram da Kumasi, in akwai wata da tsofaffinku ke faɗa, ina jira.