Rauta Biyu a Gida Ɗaya: Abin da Aka Tsayar a Majalisa

Daren Juma'a a majalisarmu ta bakin kasuwa nan Ringim, wani maƙwabcinmu ya kawo kuka: rautarsa, wato na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi, tana zaure, sashen iyali can ciki ko sanda ɗaya ta sigina ba sa samu. Katangar ƙasa mai kauri ta cinye siginar. Ya sayo ta biyu, sai abu ya ƙara dagulewa.

Mai gyaran waya ya ce laifin ba na rautar ba ne. Duka biyun suna raba wa wayoyi adireshi, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita, shi ya sa suke karo. A kashe DHCP, wato tsarin da ke raba adireshin, a ta biyun. Idan ta farko tana 192.168.1.1, a ba ta biyun 192.168.1.2, sannan a ja kebul daga ramin LAN (na haɗa na'urorin cikin gida) na ta farko zuwa ramin LAN na ta biyu, kada a taɓa ramin WAN (inda intanet ke shigowa). Kebul ɗin kar ya wuce mita 100, a sa shi cikin bututu saboda ɓeraye.

Sunan Wi-Fi da kalmar sirri na rautocin biyu su zama iri ɗaya, amma tashar da kowace ke watsa sigina a kai ta bambanta: 1, 6 ko 11.

Wani ya kawo batun rifita mara kebul, wato na'urar da ke karɓar sigina ta sake watsa ta. Ni dai ban gamsu ba, kusan rabin gudun take ci. Idan kuma rauta tana mutuwa da asuba, a fara duba batirin sola.