Shawarwarin likitocin tiyata kan ƙodar da ba ta zauna a mazauninta ba

Likitocin sun fara da asalin matsalar. Ƙodar ɗan tayi tana samuwa ne a ƙugu, sannan ta hau zuwa mazauninta tsakanin mako na 6 da na 9 bayan samuwar ciki, tana sauya jijiyoyin da ke ba ta jini a hanya. Idan ta tsaya a ƙugu, ko ƙodojin biyu suka haɗe ta ƙasa kamar takalmin doki, haɗuwar da ake samu a kusan mutum 1 cikin 500, sau da yawa jijiyoyinta sukan zo da yawa, daga wuraren da likita bai saba ba.

A nan suka fi tsawaita magana, kuma sun yi daidai. Kowace jijiya tana ciyar da sashenta na ƙoda ita kaɗai, don haka ɗaure ɗaya bisa kuskure yana kashe wannan sashe. Suka ce a ɗauki hoton CT (hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka) na jijiyoyin kafin a taɓa wuƙa.

Sun kuma yi gargaɗi cewa ana iya ɗaukar ƙodar ƙugu a matsayin ciwon ƙari, musamman ga mata, saboda haka kada a cire wani kumburi a mara sai an tabbatar da inda ƙodojin biyu suke.