Wane suna za mu sa wa kotun Guantanamo?

'Yan uwa masu aikin fassarar labarai, ku taya ni duba wannan. Turawa na da "court-martial" da "military commission", mu kuwa duka biyun mukan ce kotun soja. Haɗa su ɗin nan yana ɓatar da mai sauraro.

Ta farko ita ce inda soja ke gurfanar da nasu, kamar wanda ya tsere daga fagen daga ko ya yi bore. Wannan kotun soja ce, ba gardama.

Ta biyun ce ke ba ni wahala. Shugaban Amurka George Bush ya kafa ta da umarni a Nuwamba 2001 don shari'ar baƙin da ake zargi da ta'addanci, waɗanda aka fara tarawa a Guantanamo, sansanin sojan Amurka da ke Cuba, a Janairu 2002. Alƙali soja ne, masu yanke hukunci hafsoshi ne, amma wanda ake tuhuma ba sojan Amurka ba ne. Kotun Ƙoli ta rushe tsarin a 2006, majalisa ta maido shi da doka a shekarar.

Wani malamina ya ce mu ce "hukumar soja". Allah ya gafarta Malam, kunnen Bahaushe zai ji kamar hedikwatar tsaro ake nufi, babu ƙamshin shari'a a ciki. "Kotun fursunonin yaƙi" ma ba ta zauna ba, tunda Amurka ta ƙi yarda cewa fursunonin yaƙi ne su.

Ni na tsaya kan "kotun soja ta musamman". Ba baƙuwa ba ce gare mu, irinta ce ta yi wa 'yan siyasar Najeriya shari'a a 1984. Kishiyarta kuma kotun farar hula.

Abin da ya sa na damu ke nan: Umar Farouk Abdulmutallab, ɗan Najeriyar da ya yi yunƙurin tarwatsa jirgin sama da bam, a kotun farar hula ta Detroit a Amurka aka yi masa shari'a, ya amsa laifi, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a Fabrairu 2012. Khalid Sheikh Mohammed kuwa, wanda ake zargi da kitsa harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, an kama shi a 2003, shekara 20 ta wuce kotun soja ta musamman ba ta yanke masa hukunci ba. Ni dai ina bayan kotun farar hula, kuma ina so mai sauraro ya ji bambancin tun daga sunan.

Mu kuma kiyaye da shari'ar Boko Haram ta Kainji a 2017. A barikin soja aka zauna, amma alƙalan Babbar Kotun Tarayya ne, don haka kotun farar hula za mu rubuta.