Shuka kayan miya a jarka a Agadas: ta ina zan fara?

Baƙuwar Agadas:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni 'yar Maraɗi ce, aiki ya kawo maigidana Agadas, muka kama haya a gidan da aka shafe tsakar gidansa kaf da siminti. A garinmu na saba in zaga bayan ɗaki in tsinko yakuwa ko lalo in kaɗa miya. Nan kuwa komai sai kasuwa, ganyen da aka sayo da safe kafin azahar ya yi yaushi. Yarana kuma suna son salak da tumatir, ni ko ina so in san irin ruwan da aka ba abin da za su ci ɗanye.

Ina da jarkunan man girki masu cin lita 25, da tsohon bahon wanki da ya tsage, da rabin ganga. Famfonmu galibi sai da dare yake kawo ruwa, muna tarawa. Rana tana dukan tsakar gidan tun daga hantsi, gindin katangar yamma ne kaɗai ke samun inuwa bayan azahar.

Wace ƙasa zan zuba, yashin ƙofar gida zai yi? Yanzu Satumba ta zo ƙarshe, in fara ko in dakata? Ruwan wanke-wanke fa, zan iya ba su? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Mai Lambu:

Wa alaikumus salam 'yata, barka da zuwa Abzin. Kin yi tambaya a kan kari, domin a ƙasar nan lokaci ya fi komai. Ku a kudu damina kuke jira. Mu nan ruwan shekara bai taka kara ya karya ba, ɗan abin da ake samu a Yuli da Agusta ne. Lokacin lambunmu sanyi ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ki yafa irin tumatir a bahon nan cikin Oktoba, a inuwa, bayan mako uku zuwa huɗu ki dasa, tushe ɗaya a kowace jarka. Kada ki ji tausayi ki sa biyu, duka za su ƙanjame. Salak, karas, albasa mai ganye da na'a-na'a su ma duk na sanyi ne.

Daga Afrilu zuwa Yuni zafi yana haura digiri 40. A wannan lokacin tumatir zai yi fure, furen ya kakkaɓe ba tare da ya ƙulla ɗa ba, ko da kin shayar da shi safe da yamma. Salak kuma sai ya yi tsiri ya yi ɗaci. To idan bazara ta kawo kai ki juya jarkunan ki sa kuɓewa, yakuwa, lalo da alayyafo. Su zafi ba ya ba su tsoro matuƙar akwai ruwa.

Yashin ƙofar gida ba ya riƙe ruwa. Ki sa masu amalanke su kawo miki ƙasar bakin koramar Telwa, wadda ruwa ya kwantar, inda masu lambu suke noma. Kashi biyu na ƙasar, kashi ɗaya na takin awaki ko na raƙuma da ya tsufa ya yi baƙi ya daina wari. Sabon taki, musamman kashin kaji, yana ƙona saiwa. In kina da garin gawayi ki barbaɗa. Ki huda gindin kowace jarka da ƙusa mai zafi, wuri biyar ko shida.

Hajiyar Arlit:

Ƙanwata, Baba ya gama magana a kan lokaci. Ni zan ja hankalinki kan abin da ya fi kashe shuka a jarka, wato zafin saiwa. Ganye yana jure rana fiye da yadda ake zato, amma robar da rana ta daka tana gasa ƙasar da ke jikinta, simintin da ke ƙarƙashi kuma yana ƙara mata wuta. Za ki ga shuka ta langaɓe alhali ƙasarta a jiƙe take, ki ƙara ruwa, saiwar ta ruɓe.

Ga yadda nake yi a nan Arlit. Ina ɗora jarkunan a kan bulo ko katako don iska ta ratsa ƙarƙashi. Ina jera su manne da juna su yi wa juna inuwa, in naɗe na gefe da buhun algarara. A saman ƙasar kuma ina shimfiɗa ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa, kaurin yatsu uku. Gindin katangar yamman nan da kika ambata, can ne wurinsu: ranar safe ta same su, ta la'asar ta wuce su.

Rabin gangar kuwa, ki nemi ƙaramin tulu na ƙasa wanda ba a shafa masa komai ba, ki binne shi a tsakiya har wuya, ki cika shi da ruwa ki rufe bakinsa saboda sauro. Ruwan yana tsattsafowa a hankali, saiwoyi su zo su lulluɓe tulun. Sai ki shuka ganye kewaye da shi. Ranar da famfo ya ƙi kawo ruwa, wannan gangar ba za ta sani ba.

Ruwan wanke-wanke ban yarda da shi ba ko kaɗan.

Ɗalibin Noma:

Hajiya, ki yi mini afuwa, a nan zan ɗan bambanta da ke. Ba duk ruwan da aka yi amfani da shi ne ke da illa ba. Wanda aka wanke shinkafa ko ganye da shi, da ruwan alwala in an tara a roba, duk masu kyau ne, kuma a gidan da ake tara ruwa da dare asara ce a zubar da su. Wanda za a guje wa shi ne mai garin sabulu, mai maiƙo, ko mai gishiri da kanwa. Salak da za a ci ɗanye dai a ba shi ruwa mai tsabta.

Anti, ki lura da farin ɓawon da zai riƙa fitowa a saman ƙasa da bakin jarka. Gishirin cikin ruwa ne yake taruwa saboda rana na shanye ruwan ta bar shi, shi ke sa bakin ganye ya ƙone. Lokaci-lokaci ki kwarara ruwa sosai har ya riƙa fita ta hujojin gindi, ya wanke shi. Shayarwa kuma da sassafe, a gindi.

Idan iskar hunturu ta taso da ƙura, ki riƙa duba bayan ganyen tumatir. Akwai wasu jajayen ƙwari ƙanana ƙwarai masu saƙa kamar ta gizo-gizo, busasshiyar iska suke so. Ki wanke bayan ganyen da ruwa, ki daka 'ya'yan dogon yaro ki jiƙa su kwana, ki tace ki fesa da yamma.

Baƙuwar Agadas:

Baba, Hajiya, da kai ƙanena, Allah ya biya ku. Wallahi na ji ƙarfin gwiwa. Saura abu biyu. Zogale zai rayu a jarka? Sannan maƙwabciyata ta ce ƙadangaru da tsuntsaye ba sa barin tsiro a garin nan.

Tsohon Mai Lambu:

Gaskiya ta faɗa miki, inda kore ya yi ƙaranci kowace halitta a kansa take. Ki kafa sanduna ki rufa tsohon gidan sauro a kan bahon irin, ki danne gefensa da duwatsu, har tsiron ya yi ƙwari. In zafi ya shigo, shi ɗin dai za ki ɗaga sama ya rage musu kaifin rana.

Zogale jarka ta yi masa kaɗan, saiwarsa mai nitsewa ce. Ki samo wata rabin gangar, ki shuka ƙwayar kai tsaye idan sanyi ya fara ja baya, wajen ƙarshen Fabrairu. In ya kai ƙugunki ki datse kansa don ya yi rassa, kada ya miƙe iska ta karya shi.