Rumbu ne ko maƙera? Mu nemo wa "data senta" sunan da ya dace da ita

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kishin harshe. Kwanakin baya kawuna ya kira ni bayan ya ji a rediyo cewa a Amurka za a kashe dala biliyan 500 wajen gina "data senta". Tambayarsa ita ce: "Kai ɗana, wato can ake sarrafa datar nan da muke sakawa a waya?" Ba laifinsa ba ne. A bakin Bahaushe yau, data ita ce abin da kake saye a wajen mai kati, ta ƙare maka kana tsakiyar magana. Saboda haka aron kalmar yadda take ba zai fisshe mu ba, ta riga ta yi wani gida a Hausa.

Labarin da ya ji shi ne na shirin Stargate, wanda Donald Trump ya sanar a fadar White House ranar 21 ga Janairu, 2025, tare da shugabannin kamfanonin OpenAI da Oracle da SoftBank. Ginin farko yana Abilene a jihar Texas. Tun daga lokacin hasashe bai tsaya ba. Wani ya ce leƙen asirin duniya za a yi, wani ya ce kuɗin kirifto ake haƙa a ɓoye, wani ya ce ai maɓoyar manya ce idan yaƙi ya ɓarke. Ni a ganina rabin wannan ruɗani daga sunan yake. Abin da ba ka iya kiran sunansa da harshenka, kowa ya zo ya ba ka labarinsa sai ka karɓa.

Abin da na fi ji a kafafen labarai shi ne "cibiyar bayanai" ko "cibiyar adana bayanai". Ban ce kuskure ba ne, amma ku rufe ido ku faɗe shi. Me kuka gani? Ni ofis nake gani, da tebur, da ma'aikaci yana miƙo maka takarda. Babu zafi a cikin kalmar, babu ƙara, babu ruwa. Alhali abin da ake nufi ƙaton gini ne marar tagogi, an jera kwamfutoci a kan kantoci na ƙarfe sahu-sahu kamar masallata, fankoki na kuka dare da rana, bututun ruwa na zagayawa don kada wurin ya kama da wuta. Mutanen da ke ciki 'yan kaɗan ne.

Wata Malama daga Damagaram ta rubuto: "Malam, me ya hana mu ce rumbun bayanai? Ai ajiya ce." Malama, maganarki tana da tushe, kuma akwai irin ginin da wannan suna ya zauna masa daram. Hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta gina ɗaya a Bluffdale cikin jihar Utah a kan kuɗi kusan dala biliyan 1.5. Ana cikin gininsa ne Edward Snowden ya fallasa takardun hukumar a watan Yunin 2013, duniya ta ga irin yadda ake tattara bayanan kiran waya da saƙonnin intanet na mutane. Don haka masu zargin leƙen asiri ba daga iska suka ɗauko maganar ba, ta taɓa tabbata. Wancan gini rumbu ne: a zuba, a rufe, a ɗebo ranar buƙata. Haka wuraren da ake ajiye hotunanki na Facebook da wasiƙunki na Gmail. Haka waɗanda muke da su a Legas irin Rack Centre da ke Ikeja, inda bankuna da kamfanoni ke kai na'urorinsu ajiya.

Amma Malama, rumbu ba ya cin wuta. A nan na rabu da kalmar. Rumbun gidanmu ana ɗora shi a kan duwatsu saboda gara, a kifa masa jinka, ya yi shekara shiru babu abin da yake nema a wajen kowa. Waɗannan sababbin gine-gine kuwa wuta ce abincinsu.

Ku dubi wanda kamfanin xAI na Elon Musk ya kafa a birnin Memphis na Amurka cikin 2024, mai suna Colossus. Ya fara da na'urorin lissafi na Nvidia samfurin H100 guda 100,000. Kowace ɗaya tana iya jan wat 700, wato ta kusa dutsen guga na lantarki. To ku ƙiyasta dutsen guga dubu ɗari an jona su a gini ɗaya, ba a kashewa ko na minti. Megawat 70 ke nan kafin a zo maganar sanyaya wurin. Wutar layi ba ta isa ba, sai da aka jibge injinan gas a harabar, har mazauna unguwannin kusa suka yi ta ƙorafin gurɓatar iska.

A watan Satumban 2024 Microsoft ta ƙulla yarjejeniyar shekara 20 don a farfaɗo da wani sashe na tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke Amurka, wanda aka rufe a 2019, ta saye wutarsa megawat 835. Madatsar Kainji gaba ɗayanta, ƙarfin injinan da aka gina ta da su megawat 760 ne. Shi kuwa Mark Zuckerberg ya ce ginin Hyperion da kamfaninsa Meta, mai Facebook, ke yi a jihar Louisiana ta Amurka zai iya kaiwa megawat 5,000, kusan abin da layin wutar Najeriya duka ke ɗauka a rana mai kyau. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 irin waɗannan gine-gine sun ci kusan kashi 1.5 cikin ɗari na wutar duniya. A ƙasar Ayalan kuwa sun cinye kashi 21 cikin ɗari na wutar da aka auna a 2023.

Ba wanda zai nemi wutar ƙasa guda don ya yi ajiya kawai. Aiki ake yi a ciki. Ana ɗebo rubuce-rubuce da hotuna da muryoyi masu ɗimbin yawa, a yi ta maimaita lissafi a kansu na tsawon makonni ko watanni, ana gyara biliyoyin lambobi kaɗan-kaɗan, har a fitar da abin da muke kira ƙirƙirarriyar basira, wato AI. Bayan an gama, duk tambayar da ka tura wa ChatGPT a irin ginin nan ake buga amsarta. Shi kansa shugaban Nvidia, Jensen Huang, masana'antu yake kiransu.

Shi ya sa nake ba da shawarar maƙerar bayanai.

Na tashi kusa da maƙera, kuma duk abin da na karanta game da gine-ginen nan na taɓa ganin ƙaraminsa a can. Gawayin ƙirya da ake tulawa, shi ne wutar. Yaron da ke zaune yana danna zugazugai hannu bi hannu, gumi na zuba, ga fankoki nan. Maƙeri ya ɗauko jan ƙarfe da awartaki, ya ɗora a kan uwar maƙera, ya yi ta dukansa da masaba, duka ɗaya ba ya canza komai sai an yi ɗari. Sannan ya tsoma shi a kaskon ruwa, ya yi cuuu, tururi ya tashi. Ƙarfen da aka kawo guntun sifirin mota ne, abin da ya fita fartanya ce ko wuƙa. Kuma wannan ya fi komai jan hankalina zuwa kalmar: maƙera ɗaya ke fitar da garma da takobi. Wanda ya ji "maƙerar bayanai" zai yi tambayar da ta kamata, wato me ake ƙerawa, da ƙarfen wa, kuma wa zai riƙe abin idan an gama. Cikin ƙarfen nan har da rubutunmu da hotunanmu da muke sakawa a intanet.

Wani Baba, tsohon malamin Hausa, ya ja hankalina: "Yaro, maƙera ai jam'in maƙeri ne kuma, za ka rikita mutane." Baba, Allah ya ƙara girma, gaskiyarka ne, amma harshen da kansa ya raba gardama. Idan wurin ake nufi, kalmar mace ce, sai mu ce maƙerar bayanai. Mutanen jam'i ne, sai mu ce maƙeran bayanai. Kun ga mun samu kalma ta biyu a kyauta, ta injiniyoyin da ke aikin. Idan wuraren suna da yawa, maƙerun bayanai.

An kawo wasu ma. "Gidan saba" zai yi saurin shiga baki, tunda tun shari'ar zaɓen 2019 kowa ya ji maganar sabar INEC, sai dai bai faɗi komai ga wanda bai san saba ba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanai tana miƙa wa wasu. "Matattarar bayanai" ta tsaya a tarawa. "Masaƙar bayanai" ta burge ni ƙwarai, don saƙa ta yi kama da yadda ake harhaɗa kalmomi, amma masaƙa ba ta da wuta a cikinta, kuma wutar ce ba na so ta ɓace.

Ga inda na tsaya. Wanda aikinsa ajiya da miƙo abin da aka ajiye, rumbun bayanai, kamar yadda Malama ta ce. Manyan nan na ƙirƙirarriyar basira, maƙerar bayanai. Idan gini ɗaya yana yin duka biyun, a kira shi da wanda ya fi yawa. Masu fassara labarai, don Allah ku gwada wannan jimla a bakinku ku ji ko ta zauna: "Kamfanin Meta yana gina maƙerar bayanai a Louisiana wadda za ta iya cin wuta megawat 5,000." Na karanta wa kawu ita a waya da safen nan. Bai sake tambayar datar waya ba, cewa ya yi: "To su wa za su biya kuɗin gawayin?"