Rediyon dashe: kalmar da nake so mu tsayar a madadin "aftermarket"

Jama'a, akwai wata kalmar Turanci da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato "aftermarket". A bakin masu sayar da kayan mota "afta-maket" za ka ji. Ina da shawara a kanta, amma bari in fara da abin da ya tayar da maganar.

Makon jiya na raka kawuna wajen mai wayarin. Corolla ce tasa, ƙirar 2006, 'yar Kwatano. Rediyonta na kamfani ne, faifan CD kaɗai yake ci, ba ya haɗuwa da waya, ba shi da ramin filashi. Shi kuwa Kawu duk karatun Alƙur'ani da tafsirin da yake saurare a waya suke. Ga lasifikokin ƙofar gaba sun fara ziza da zarar an ƙara murya. Mai wayarin ya ɓalle murfin ƙofa ya nuna mana: takardar lasifikar ta tsage ta gefe, zoben soson da ke riƙe da ita ya zama gari, kana taɓawa yana bin yatsa. Zafin rana ne ya cinye shi a hankali.

Sai ya ce, "Baba, a sa maka Pioneer, afta-maket, da lasifika biyu."

Kawu ya juyo gare ni. "Me yaron nan ya ce?"

Na ce, "Kawu, yana nufin wanda ba kamfanin motar ne ya saka ba."

"Jabu ke nan. Ba na so."

Mun fi minti goma sha biyar muna bayani kafin ya yarda a buɗe kwali. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Rashin kalma ne ya sa dattijo ya kusa ƙin abu mai kyau, kuma rashin kalmar nan ne ke ba wasu 'yan kasuwa damar lulluɓe jabun gaske da wannan Turancin su miƙa wa mutum.

Abin da kalmar ke nufi shi ne duk kayan da aka ƙera don a saka wa mota bayan ta baro masana'anta. Pioneer, Kenwood, Alpine, JVC, Sony, babu mai ƙera mota a cikinsu da muka sani a titinmu, sauti ne sana'arsu. Sabo ne dal a kwali, kuma sau da yawa ya fi wanda motar ta zo da shi. Wani abin lura ma, Toyota kanta ba ita ke zama ta ƙera rediyo ba. Kamfanoni irin su Panasonic da Fujitsu Ten (wanda yanzu ake kira Denso Ten) da Pioneer ɗin nan ne ke yi mata, ta manna sunanta. Ashe bambancin bai tsaya ga wanda ya ƙera ba. Yana ga yadda abin ya shigo motar: da shi ta taho, ko daga baya aka kawo shi aka zaunar.

Na gwada kalmomi da dama a bakina.

"Bayan kasuwa" dai a ajiye shi. Bahaushe ya ji wannan, lungun bayan rumfuna zai hango, inda ake cinikin kayan da ba a tambayar asalinsu.

"Kayan gyara" ya yi faɗi, kuma yana nuna wani abu ya lalace, alhali wani rediyonsa lafiya ƙalau, ƙarin daɗin sauti kawai yake nema. "Na hannu" ko "Baljiyam" tsohon kaya ne, wata magana ce daban.

Wani abokina malamin makaranta ya ce "ɗori". Na so ta, don ta dace da amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti da wufa, babbar lasifikar bas da ake ajewa a but, su ƙari ne a kan abin da yake akwai. Sai dai shi kan rediyon cire na da ake yi a sa wani, ba a ɗora shi a kan komai ba. "Musanya" kuma ta kama rediyon ta bar wufar. Ana bukatar kalma ɗaya da za ta ɗauki biyun.

Ni dai na tsaya a kan dashe. Rediyon dashe, lasifikar dashe, kayan sautin dashe.

Duk wanda ya taɓa noman rani ya san bambancin shuka da dashe. Shuka a wurin aka binne ta, a wurin ta tsiro. Dashe kuwa a wani wuri aka reni irin, albasa ne ko tumatir ko shinkafa, da ya yi ƙwari aka tumɓuko shi aka kawo gona. Babu manomin da zai ce albasar dashe jabu ce. Ko a gurbin wanda ya mutu aka sa shi, ko a fili aka ƙara, sunansa dai dashe. Kuma kalmar ta riga ta fita daga gona ta shiga harkar zamani ba tare da kowa ya yi gardama ba, muna cewa dashen ƙoda, muna cewa dashen gashi.

Abin da ya fi burge ni shi ne kalmar na tafe da gargaɗinta. Dashe yana kamawa, yana kuma ƙin kamawa, kuma haka aikin nan yake. Ramin rediyo yana da ma'auni da Jamusawa suka fitar, shi ake kira DIN, aka mai da shi na duniya a 1984: faɗi milimita 180, tsayi 50, mai ninki biyu kuma tsayi 100. Motoci da yawa fuskar dashbod ɗinsu ba ta bin wannan sak, sai an nemo firem da ya dace, in ba haka ba ka ga rediyo zaune da giɓi a gefe ana cusa kwali. Wayoyin baya ma akwai soket na haɗi da ake sayarwa, gefe ɗaya ya shiga na motar, ɗaya na rediyon. Mai wayarin da ya ɗauko filaya zai datse wayoyin asali ya naɗe da salatif, ka ce masa ya dakata. Idan aka juya wayar lasifika ɗaya, mai alamar + ta koma wurin mai alamar -, to ɗaya na turawa ɗaya na ja, bas ɗin ya ɓace, mutum ya yi ta zargin kayan alhali dashen ne bai kama ba.

Haka maganar wat, wato ma'aunin ƙarfin rediyo. A jikin kwali za ka ga an rubuta 50 sau 4, amma wannan ƙololuwa ce ta ɗan lokaci, ƙarfin da rediyon ke iya riƙewa a tsaye yana wajen 20 ga kowace lasifika. Shi ya sa wufa ke bukatar amfilifaya tata. Ita kuma wuta take ja kai tsaye daga batir da waya mai kauri, kuma dole a sa fiyus kusa da kan batir ɗin. Wannan kam kada a yi sassauci. Waya ce mai ɗauke da wuta tun daga gaban mota har but, in ta goge ta taɓa ƙarfe babu fiyus, gobara ce. Idan kuma ka ji wani siririn kuka yana hawa yana sauka da totur, yawanci wayar ƙasa ce, wadda ake ɗaurawa a jikin mota, ba ta zauna a kan tsuran ƙarfe ba, ko an jera wayar sauti da ta wuta a hanya ɗaya.

Na yarda kalmar tana da iyaka. "Birkin dashe" ko "filtar dashe" ba su zauna mini a kunne ba, don waɗannan kayan ƙarewa ne da ake canzawa kullum. Amma ga rediyo, lasifika, kyamarar baya, fitilu da allon taɓawa, ta zauna daram. Kishiyarta kuwa ba sai mun ƙirƙira ba. "Na kamfani" ya wadatar, ya ma fi "folo-kam" da yaran kasuwa ke faɗi.

Wufa da tuwita ban taɓa su ba. Bature daga haushin kare ya samo ta farko, ta biyun daga kukan tsuntsu. Da tun farko aka tambaye mu, da tambari da kanzagi za mu ce, babba mai amon da ake ji a ƙirji da ƙarami mai kaifin murya. Amma wufa ta riga ta zauna a baki, ba na ganin amfanin kokawa da ita.

Da aka gama wa Kawu aiki, na gwada kalmar a kan mai wayarin. Na ce, "Malam, wannan ai dashe ka yi." Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Ƙwarai kuwa, Yallaɓai, kuma ya kama." Bai nemi ƙarin bayani ba. Kawu ma da muka hau titi ya sa tafsirinsa daga waya, muryar malamin ta fito tas babu ziza, ya ce da tun farko haka aka faɗa masa da bai yi musu ba.

Masu wayarin da masu shaguna a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari da Panteka, ku ne ke da abin a hannu, ku gwada ta a kan masu saye na mako guda ku gaya mana yadda ta sauka. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da kayan ke zuwa muku da sunan Faransanci, me kuke kiran rediyon da ba da shi mota ta zo ba?